Allon da Inna Ta Wanke

Jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba lokacin da na dawo daga jami'a na kama koyar da lissafi a Gusau. Na dawo da wata tambaya da ta hana ni sakat. Akwai lissafin da ke bayyana tafiyar ruwa mai ɗauke da maganaɗisu, irin narkakken ƙarfe. Idan ruwan ya fara tafiya salin-alin, shin haka zai ɗore, ko wata rana juyinsa zai yi tsanani har lambobin su haura ba iyaka, lissafin ya wargaje? Ban sa ran warware ta duka ba. Burina in nuna sharaɗi guda da zai hana wargajewar, in samu ko mutum ɗaya ya duba ya ce ya gani.

Mutum ɗayan ne ya gagara. Abokan aikina suna kirana mai ruwan ƙarfe, da na buɗe baki sai kowa ya tuna bai yi alwala ba. Akwai wani malamin kimiyya a Tsafe da nake hawa mota takanas in same shi, yana saurare yana gyangyaɗi. Shi ma aka yi masa canjin wurin aiki. Na ji kaɗaici ƙwarai a shekarun nan.

Da hutun damina na tafi gida Kekun Waje, ta wajen Bungudu, don Inna, mahaifiyata, tana fama da ciwon ƙirji. Wata safiya ina zaune a ƙofar ɗakinta sai hanyar kafa hujjar sharaɗin nan ta buɗe mini. Takarda ta ƙare, ga ruwa ya ɓata hanyar zuwa gari balle in sayo. Na jawo tsohon allona na yarinta da tawada, na cika shi gaba da baya, na jingine, na fita gona zuciyata fes.

Da na dawo na tarar da allon fari tas, yana ɗiga, ga ƙoƙo a gefen Inna.

"Na gane ka tun da sahe kana ta rubutu, ko tari ba ka yi," in ji ta. "Na ce wanga hatimi nawa na. Na wanke na sha, na ko ji dama. Allah shi yi ma albarka."

Raina ya ɓaci, amma na ce amin. Washegari na rubuta mata ayoyi na gaske. Ta sha, ta ce na jiya ya fi.

Na yi watanni ina neman layin tsakiya na hujjar nan, bai dawo ba. Inna ta rasu da kaka. Har yau ban samu wanda ya karɓi aikin nan hannu biyu ba in ba ita ba.