Turaka Goma Sha Biyu a Gidan Kawu

Kawu, ƙanen mahaifiyata, gyaran keke yake yi a wata rumfa tsakanin mai walda da mai katako. A bayan ɗakinsa akwai turaka goma sha biyu a jere. Kullum da safe sai ya share gindin kowanne, alhali tunkiya ɗaya ce tak a ɗaure.

Sunanta Gajera. Da kyar ta wuce gwiwata. Kunnuwanta ƙanana ne a miƙe, bayanta ja, cikinta baƙi. Kakarmu ce ta taso da irinta daga wani kwari mai dausayi, inda ruwa ke kwana a ƙasa rabin shekara. Kofatonsu ba ya ruɓewa a laka, cizon ƙuda ba ya kayar da su. Da Kaka ta rasu, ta bar wa Kawu rago ɗaya da tumaki goma sha ɗaya.

Sai abokan rumfa suka sa shi gaba.

"Wai tumaki kake kiwo ko kyanwoyi?" in ji mai walda. "In ka yanka ɗaya, da cokali za a raba naman."

Kawu ya daure shekara biyu, sannan ya yanka ɗan ragon, ya kawo wani ƙato daga ƙasar rairayi, fari fat, mai dogayen ƙafafu da kunnuwa masu lilo. 'Ya'yan suka yi wa iyayen girma a ciki. Tumaki bakwai suka mutu wajen haihuwa cikin wata biyu. 'Ya'yan da suka rayu, damina ta farko ta cinye musu kofato. Sauran tumakin suka bi ɗaya bayan ɗaya. Gajera ta tsira ne don a lokacin ba ta isa barbara ba, kuma tun daga nan Kawu bai bar wani rago ya kusance ta ba. Irinta yake nema.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin auna tumakin gida, daga busassun wurare zuwa masu yawan ruwa. Ina auna tsayi, faɗin ƙirji, kunne da wutsiya, in ɗebi jini kaɗan a ƙaramar kwalba. Da Gajera na fara. Kawu ya riƙe mata kai yana kallon igiyar awon.

"'Yar Yaya, tunda yawo za ki yi, ki sa min ido," ya ce. Ya buɗe mata baki ya nuna min. "Dubi haƙoranta, sun fara tafiya. Damina biyu ta rage mata, in ta yi yawa. Idan ta tafi ba ɗa, na kashe wa Inna zuri'a da hannuna."

Na auna tumaki sun fi ɗari uku. Na ga masu wutsiya mai kitse, na ga masu gashi kamar bargo a kan duwatsu masu sanyi, na ga dogaye da ke yini ba su sha ruwa ba. A wata na huɗu, a wani ƙauyen bakin kogi, na ga wani rago a bayan gidan wani masunci: gajere, ja, baƙin ciki, da geza a ƙirji. Nan take na auna shi. Kowane awo ya yi daidai da na Gajera. Akwai tambaya ɗaya da ta zo min baki, amma takardata ba ta da gurbinta, ga maza biyar a tsaye suna kallona. Na haɗiye ta. Na fita na kira Kawu.

Washegari ya rufe rumfa. Yini guda ya yi a mota, ya iso da igiya sabuwa a aljihu. Ko ruwa bai tsaya sha ba. Ya durƙusa gaban ragon, ya ɗaga kofato, ya duba haƙora, ya shafa gezar yana murmushi. Sannan ya zura hannu ta ƙarƙashin cikinsa. Hannun ya daɗe a can.

"Ai dandaƙaƙƙe ne, Baba," in ji masuncin. "Tun yana ƙarami na dandaƙe shi, ya cika tunkuyi. Da Malama ta tambaya, da na faɗa mata."

"Ubansa fa?"

"Mun ci."

"'Yan'uwansa?"

"Shi kaɗai ya rage. Yanzu kowa manya yake so."

Na rasa inda zan sa idona. Kawu bai dube ni ba, bai kuma taɓa tayar min da maganar ba har yau. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, suka keɓe da masuncin, sai na ga yana ɗaura wa ragon sabuwar igiyar.

"Kawu, me za ka yi da shi?"

"Ta shekara takwas ba ta ga mai kama da ita ba," ya ce.

Ya ɗaure shi a turken da ke kusa da nata. Gajera ta shinshine shi, ta kwanta ta jingina da shi tana tuƙa. Damina ta zo ta wuce, kofatonsu garau. Damina ta biyu ba ta sami Gajera da rai ba.

Ranar da na je yi masa jaje, na tarar yana shara. Ya gama da turke na sha biyu, ya dawo na farko.

"Jinin nan nata da kika ɗiba, yana nan?"

"Yana firiza a makaranta, Kawu. Da nata da nasa."

"Kusa da juna?"

"Kusa da juna."

Ya jinjina kai. "Ki gaya musu kada su bari wuta ta ɗauke," ya ce, ya ci gaba da shara.