Ni Na Kira Tela Cikin Ɗakin Rediyo

Tela ya ci amanata. Gara in faɗa tun daga farko, kada wani ya ɗauka labarin daɗi zalla zan bayar. Da bakina na kira shi ya shigo ɗakin rediyo, ya shigo, ya gyara zama, ya sa aka rufe ƙofa ina waje. Shekaru sun shuɗe, furfura ta cinye mini gemu, amma wannan abu ba zan manta da shi ba har ranar da za a sa ni a rami. Abin haushin ma, ranar da abin ya faro ita ce rana mafi daɗi da na taɓa yi a duniya. Ko yanzu in na tuna ta sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai, sannan in tuna ƙarshenta in tsuke baki.

Ni mai gyaran rediyo ne a Garwa. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, ina gab da gama firamare mahaifina ya cire ni ya sa ni a rumfa. Amma ɗan Faransancin da na tsinta ya ishe ni in gane abin da ake faɗa, kuma sana'ata ta sa kunnena na jikin rediyo tun safe. In an fara jurnal na rana, wato labaran ƙasa da ake karantowa daga Yawunde, sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara tsaf. Bayan la'asar jama'a su taru gindin darbejiya wajen mai shayi, 'yan kasuwa da direbobi da masu moto, wato babur, ni kuma in juye musu shi da Hausa.

Ina da tsarina. Da gwamnati nake farawa, sai kasuwa, siminti da auduga da albasa da man fetur. Ƙwallo kuwa sai a ƙarshe, domin in ka fara da ita, ana jin wanda ya ci kowa zai kakkaɓe rigarsa ya tafi, a bar mai shayi da butarsa cike. Sannan ni ba na iya labari sai ana amsa mini. In na ajiye magana, dole wani ya ɗauka kafin in ɗora ta gaba. Wannan aikin Tela ne, wanda rumfar ɗinkinsa ke jikin tawa. Tare muka tashi, ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa, amma Allah ya ba shi baki. In na ce an yi kaza, sai ya ce "Ikon Allah!" ko "Ka ji fa!" ko ya jefo wata tambaya da za ta sa wurin ya kece da dariya.

Wata rana wani saurayi mai tabarau ya kawo mini rediyon motarsa gyara, ya zauna jira, ya ji majalisarmu daga farko har ƙwallo. Ashe direktan wani sabon gidan rediyo ne da aka buɗe a gari. Da aka watse ya ce, "Malam, muna da labarai da Faransanci, muna da na Fillanci, Hausa ce ba mu da mai yi. Ka zo ranar Juma'a da yamma ka gwada. In ya yi kyau, kujerar taka ce kullum."

Jama'a, kujera! Ni da aka cire daga aji! Wallahi ban san lokacin da na mayar masa da rediyonsa na ce ya bar kuɗin gyara ba.

Kafin Juma'a babu wanda bai ji ba. Na gaya wa mai kifi, na gaya wa wanzami, na buga wa yayata da ke aure a Figil, na ce ta tara maƙwabta. Matata ta wanke babbar rigata ta salla, ta sa sitaci har tana tsayuwa da kanta, ta turara ta. Na ce, "Ke, rediyo ne fa, ba a ganin mutum." Ta ce, "Malam, ƙanshi yana fita a murya." Ban yi musu ba, na ƙara turare. Tela ya ce zai raka ni ya riƙe mini takalmi. Na goya shi a moto, muna tafe yana ihu wa mutane, "Ku kunna rediyo! Ku kunna rediyo!"

Ɗakin ɗan ƙarami ne, sanyi kamar cikin firiji, bango duk katifa. Ga kujera mai juyawa, ga makirfo, ga gilashi, bayan gilashin ga mai kula da na'ura da direkta. Tela suka bar shi a benci bakin ƙofa. Aka ɗora mini abin ji a kunne bisa hula, aka ce in na ga jar fitila in fara.

Fitila ta kama. Na yi sallama, murya ta fita sumul, har ni kaina na ji na burge kaina. Na ce, "Yau a Yawunde manya sun zauna, sun ce bana za a fara sayen auduga da wuri."

Na yi shiru ina jira.

Ba wanda ya amsa. Ni fa tunda nake ban taɓa ajiye magana ta faɗi ƙasa haka ba. Na duba dama, katifa. Na duba hagu, katifa. Mai na'ura yana ta juya hannu bayan gilashi wai in ci gaba, ni kuwa kaina ya ɗauke ɗif kamar rediyon da batirinsa ya ƙare. Duk labaran da na haddace suka gudu. Gumi ya karyo mini cikin sanyin nan. Na tuna yayata da maƙwabtanta a Figil sun zagaye rediyo suna jin iska. Ban san lokacin da na juya wajen ƙofa na ɗaga murya ba, na manta duk Garwa na ji:

"Kai Tela! Mutuwa ka yi ne?"

Sai ga murya daga bakin ƙofa, "Ikon Allah!"

Direkta ya dafe ciki don dariya, ya buɗe ƙofa ya turo shi ciki, takalmana na hannunsa. Babu kujera ta biyu, a tsaye ya sunkuyo kan kafaɗata. Kai, daga nan fa sai ruwa ya ɓalle. Na manta da fitila, na manta da gilashi, na koma gindin darbejiya.

Na ce, "Wani babba ya yi alkawari za a gyara hanyar Poli."

Tela ya ce, "Yaushe, Malam?"

Na ce, "Sun ce nan gaba kaɗan."

Ya ce, "To, Allah ya nuna wa jikokinmu."

Na ga mai na'ura ya kifa kai kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Na wuce kasuwa. Na ce siminti ya ƙara kuɗi. Tela ya ce, "Wanda ake yi nan kusa a Figil, ko wanda ake saukowa da shi daga sama?" Na ce albasa ta faɗi a kudu, masu kaya su dakata da lodi. Ya ce, "Ka ji fa, Alhazai! Yau albasa ce za ta sa ku kuka ba a yanka ta ba." Da na iso ƙwallo sai na ja musu rai yadda na saba. Na faɗi yadda aka shiga fili, na faɗi ruwan saman da aka yi, na faɗi alƙalin wasa, Tela yana ta tsalle yana cewa, "Malam, don girman Allah wa ya ci? Hawan jini zai kama mutane!" Sai da na ga ya kusa yaga mini riga na ce, "Yaranmu na Garwa ne suka bi abokan karawarsu har gida suka lallasa su." Ihun da ya yi, sai da mai na'ura ya cire abin kunnensa ya jefar.

Da muka fito direkta ya rungume ni, ya ce, "Malam, Litinin in Allah ya kai mu." Ni ya faɗa wa. Ni, ba wani ba.

Hanyar komawa gida kuwa, ko ango albarka. Masu moto suka biyo mu suna oda, wannan ya ce "Kai Tela, mutuwa ka yi ne?" wancan ya amsa "Ikon Allah!" Wata mai kifi Bafillata ta tare mu a bakin kasuwa ta dunƙula mini kifi a takarda, tana cewa, "Useko, useko!" wato godiya take yi, wai yau ta ji labarin ƙasa ta yi dariya. Wani direban babbar mota mai zuwa Mora ya ce a gefen hanya ya tsaya don kada dariya ta sa ya watsa kaya. Yayata ta bugo tana kuka tana dariya, ta ce, "Ƙanena, da Baba na raye!" Mai shayi ya rantse yau ba wanda zai biya, ya zuba mini madara har cokali na tsayawa. A gida matata ta yi guɗa tun daga zaure. Na raba kifin biyu, na aika wa iyalin Tela rabi mai kai. Na kwanta ina juya kujerar nan a raina. Har na fara tunanin wa zan bar wa rumfa.

Ranar Litinin na sake sa rigar. Na leƙa rumfar Tela, a rufe. Na ce ko ya riga ni ne, don zumuɗi. Na isa gidan rediyo, mai gadi ya sa hannu ya tare ƙofa, ya ce ba a ba shi sunana ba. Muna cikin ja-in-ja, sai ƙaramin rediyon da ke rataye a wuyansa ya yi sallama da Hausa. Muryar wani yaron gidan ce mai digiri, yana karanta labarin farko a natse. Ya ajiye magana. Sai na ji, "Ikon Allah!"

Muryar Tela ce. Na juya na hau moto na koma gida.

Mai na'ura ne ya ba ni sauran labarin daga baya, da ya kawo mini wata waya in liƙa masa. Ashe washegarin shirin an bugo daga wani ofis, an ce maganar jikoki ba ta yi daɗi ba. Direkta ya aika a kira mu mu biyu. Ɗan aiken bai same ni ba, ina masallaci, ya bar wa Tela saƙon. Tela ya tafi shi kaɗai. Aka tambaye shi ina nake, ya ce na ce ba zan zo ba. Aka tambaye shi maganar jikoki, ya ce ni na koya masa tun a hanya, shi ba ya jin Faransanci, abin da na sa masa a baki yake faɗa. Ya ƙara da cewa bakina ba shi da linzami, wata rana sai na sa an rufe gidan. Direkta ya ga ai masu jin Faransanci yana da su cike da ofis, mai amshi ne babu. Shi ke nan.

Na je in ga direktan, aka ce ya fita. Na koma, aka ce yana taro. Ban sake komawa ba, ni ba maroƙi ba ne. Na cire rigar na ba matata ta ninke. Na koma gindin darbejiya, mai shayi ya karɓi aikin amshi. Bai iya ba, "To, to" kawai yake cewa, amma mutumin kirki ne. Tela ya tashi daga rumfarsa ya koma wata unguwa, in ya hango ni a hanya sai ya karkata moto.

Abin da wannan ya koya mini guda ne, kuma ban saye shi da arha ba. Mutumin da kullum yake ce maka "haka ne", ba ka san shi ba tukuna, sai ranar da aka tambaye shi kai ba ka wurin.

Bayan wasu shekaru aka canza direkta, sabon ya soke shirin. Wata la'asar ina tsakiyar labarin kasuwa, sai ga Tela ya zo ya yi sallama, ya zauna daidai wurinsa na dā kamar jiya ya tashi. Ya rame, hularsa ta koɗe. Na ce man fetur ya ƙara kuɗi. Sai ya ce, a hankali, "Ikon Allah."

Jama'a suka juyo suna kallona. Kowa ya san labarin. Na ajiye kofina, na juyo na dube shi ido cikin ido.

Na ce, "Tela, tunda ka zo, ga wani labari da ba ya cikin jurnal. A nan Garwa wani mutum ya sayar da abokinsa na yarinta, wanda ya goya shi a moto, ya raba kifi da shi, saboda kujera mai juyawa. To, amsa mana. Aikinka ne."

Ya sunkuyar da kai. Bakin nan da ya cika gari bai motsa ba. Na bar shirun ya yi tsawo, har ana jin butar mai shayi na tafasa.

Na ce, "Ka ji shirun nan? Irinsa na ji ranar nan a ɗakin rediyo, kuma duk duniya sunanka ne ya zo bakina. Kai da aka tambaye ka ina nake, cewa ka yi ba zan zo ba. Sha shayinka, na biya. Amma in na ajiye magana kada ka sake ɗauka. Gara ta faɗi ƙasa."