Ranar da Na Shanye Zuriya Guda

Jiya ina share allo a aji, garin alli ya shigar mani baki, sai na tsaya ina dariya ni kaɗai. Wannan ɗanɗanon na san shi fiye da kowace malama a Dakoro, don ni a kwano na taɓa shan sa.

Gidanmu kaɗai ne na Kirista a layinmu. Baba allurar dabbobi yake yi, inna tana tuyar ƙosai. A shekarar da abin ya faru, ina maimaita ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, don na faɗi jarrabawar sartifika. Na sa wa raina cewa in na sake faɗuwa, baba zai ji kunyar shiga majami'a da ni, ya daina sona. Ba wanda ya faɗa mani haka fa. Ni na ƙirƙiro abina, yana cina har na rame.

Ƙawata, ɗiyar maƙwabcinmu mai sayar da hatsi, kullum da safe ana ba ta rubutu ta sha, ga shi lissafi ba ya ba ta wuya. Na ce oho, ashe nan sirrin yake! To ai mu ma muna da littafi. Saura kwana uku jarrabawa, da rana tsaka cikin zafin ƙarshen bazara, kowa ya miƙe a inuwa, na saci littafin ibadar baba na laɓe bayan rumbu. Na nemi shafin da ya fi cika da kalmomi masu wuyar faɗa, don a ganina shi zai fi ƙarfi. Na kwafe shi a allon lakwal gaba da baya, na wanke a kwano, na runtse ido na shanye. Sau uku na yi, sai da alli biyu suka ƙare.

Kafin la'asar ciki ya murɗa. Inna ta tarar da ni ina birgima, leɓena fari fat.

"Ke! Mi kika ci?"

Na ce ba komai. Ta tsinto kwanon da allon, ta ƙwala wa baba kira. Shi bai yi faɗa ba, ya ce dai in nuna mashi wurin da na sha. Ya karanta, ya cire tabarau, ya juya mani baya, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake. Ashe shafin da na zaɓa ba komai cikinsa sai wane ya haifi wane, wane ya haifi wane.

"Haba ɗiyata, zuriya guda kika shanye! Dole ciki ya yi ciwo, taron ya yi yawa."

Inna tana dama mani kunu tana masifa, dariya tana ƙwace mata. Da na lafa, baba ya zauna kusa da ni. Bai taɓa maƙwabta da ko kalma ɗaya ba. Ya ce su da hanyarsu, mu da tamu: mu yi karatu, mu yi addu'a, kuma mu faɗi tsoronmu da baki. Sai ya tambaye ni abin da nake tsoro. Na faɗa mashi. Nan take dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Kada ku zaci na ci jarrabawar. Na sake faɗuwa. Ranar da aka kira sunaye ta yi daidai da ranar kasuwa, kuma ba a kira nawa ba. Ina neman lungun da zan bi, baba ya kama hannuna ya ratsa da ni tsakiyar kasuwar dabbobi. Duk makiyayin da ya gaishe shi, har da na can garin Tagriss, sai ya ce, "Ga ɗiyata." Wanda ya tambayi sakamako, shi yake amsawa, kansa a sama: "Bana ba mu samu ba. Za mu sake." Har tsire ya saya mani, ina ci ina kuka.

Yaran yanzu ba su san wahalar alli ba. Saƙo ake turo masu a waya, wai ka tura wa mutum goma za ka ci jarrabawa, su yi ta turawa. Ba na yi masu dariya sosai, ni wa? Amma ranar sakamako, yayin da ake ta guɗa, ni idona yana kan yaron da ba a kira sunansa ba, in ga ko wani ya zo ya kama hannunsa. In babu, ni nake raka shi gida.