Telar Da Ba Ta Ɗinka Baƙin Yadi

Shekara goma sha ɗaya yayata ta yi ba ta ɗinka baƙin yadi ba. Ni ce shaida, don shagona na zare da maɓallai yana manne da nata, katako ne kawai ya raba mu, ko tari ta yi sai na ji. Ki kawo mata fari, ki kawo ruwan ƙwai ko mai furanni, za ta ɗinka miki abin da za ki tsaya gaban madubi ki manta kin ɗora tukunya. Amma da kin zaro baƙi daga leda, sai ta ce, "Yi haƙuri, ƙawata, kai wa tela na gaba." 'Yan layinmu suka yi ta fassara. Wasu suka ce camfi ne, wasu suka ce idonta ne ba ya ganin baƙin zare. Ita kuwa ta ƙyale su, don duk wanda suka zaɓa ya fi mata sauƙi a kan gaskiyar.

Gaskiyar ita ce fatarta. Tun bayan da ta haifi 'yarta tilo ciwon ya fito mata a gwiwar hannu da bayan hannu da gindin gashi. Wurin yakan yi kauri, ya yi ƙaiƙayi, ya bushe, sannan ya riƙa zubar da farin ɓawo kamar dusa. Likita ya ce ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba ya barin mutum gaba ɗaya, sai dai ya lafa ya tashi. Ya rubuta mata man shafawa, yana kuwa taimakawa. Na bakin mutane ne babu wanda ya rubuta mata.

Wata rana wata ma'aikaciyar ofis ta zo karɓar baƙin siket. Yaya ta goge shi, ta ninke, ta miƙa mata. Matar ta ga fari-fari a kan yadin, ta dubi hannun Yaya, sai ta saki siket ɗin ya faɗi ƙasa.

"Baiwar Allah, kuturta gare ki kike taɓa kayan mutane?"

A gaban mata uku masu jiran awo ta faɗi haka, biyu suka sulale. Na fito da almakashi a hannu, ban ma san ina riƙe da shi ba, Yaya ta tare ni a ƙofa. Ta sunkuya ta ɗauki siket ɗin ta kaɗe. Washegari ta zo da riga mai dogon hannu har wuyan hannu, kuma daga ranar baƙin yadi bai sake hawa teburinta ba, tunda a kansa ne ɓawon yake fitowa fili.

Da a yadi abin ya tsaya, da da sauƙi. Ta daina miƙa hannu a gaisa. In za ta yi awo, sai ta ba mace bakin tef ta riƙe da kanta. Tebur kuwa sai ta share shi sau goma kafin azahar, ko babu komai a kai. Matar da dā ake jiyo dariyarta daga bakin titi ta koma magana ƙasa-ƙasa kamar mai laifi. Abin da ya fi ci min rai shi ne taron iyaye a makarantar 'yarta. Ni take turawa. Shekara da shekaru malamai suna ce min maman yarinya, ni kuma ina amsawa, ina jin kunya kamar na saci wani abu. Na yi faɗan, na yi lallashin, har gaba na yi da ita na kwana biyu, duk a banza.

Yarinyar nan tun tana ƙarama muke ce mata Lauya saboda gardama. Bakinmu ya bi ta, ta karanta shari'a ta gama. Saura mako uku a rantsar da su a matsayin lauyoyi, sai ga ta da leda, ta zazzage baƙin yadi a kan teburin uwarta. Na leƙo ta ƙofa.

"Umma, ga na rigar rantsuwata."

"Kai wa tela na gaba."

"Tela na gaba bai haife ni ba."

"Kin san ba na ɗinka baƙi."

"Na san dalilin ma. Ina bayan labule ranar, ina aikin makaranta, na ji abin da matar ta ce."

Yaya ta matso gaban teburin. Ta kai hannu ta buɗe yadin, ta auna shi da ido, idon tela kuwa ba ya ƙarya.

"Wannan ai ya yi riga biyu."

"Biyu ce. Ɗaya taki. An ce kowa ya zo da mahaifi, ni kuma na gaji da aron Inna." Ta juyo ta dube ni. "Ki yafe min, Inna."

Na ce, "Ni ma na gaji da a are ni."

Kwana uku yadin yana ajiye. Ta katako nake jin keken ɗinkinta ya yi 'yar tafiya ya tsaya. Na ɗaure bakina, abin da ban saba ba. A rana ta huɗu da hantsi ta ƙwanƙwasa katakon.

"Ke, miƙo min baƙin zare guda huɗu."

Da na kai mata, na tarar ta naɗe hannun rigarta har sama da gwiwa, ga ƙofa a buɗe. Ta ce ba a yanka baƙi da kyau ana ɓoye-ɓoye. Ta kafa ƙusa a jikin bango ta rataya sabon buroshin kaya. Ɓawo yana zuba, tana gamawa da gefe ɗaya ta kaɗe, ta ci gaba. Da rana wata malamar makaranta ta shigo, idonta ya tsaya a kan hannun. Yaya ta riga ta magana.

"Ciwon fata ne, ba a ɗauka. In za ki bar ɗinkinki, ga tef. In ba za ki bari ba, na gode."

Malamar ta bari. Wadda ta zo washegari kuwa ta kwashe yadinta ta tafi. Yaya ta zauna jim kaɗan hannunta a cinya, na san ya yi mata ciwo, sannan ta taka keke.

Ranar rantsuwa muka tafi tare, tana sanye da baƙar rigar, hannun rigar iya gwiwar hannu. A ƙofar zauren na ga fari-fari a kafaɗarta, na kai hannu zan kaɗe kamar yadda na saba. Ta riƙe min hannu.

"Bar shi. In kin kaɗe wannan, wani zai zubo."

Wata mata mai takardar sunaye ta tare mu, ta ce kujera ɗaya ce a gaba ga kowane ɗalibi, ta tambaya wace ce mahaifiyar. Wallahi saura kaɗan ƙafata ta taka gaba, don jiki ya saba. Kafin in motsa, Yaya ta ɗaga hannunta sama, wannan hannun dai, a gaban jama'a.

Ta ce, "Ni ce."