Iya Mai Suma

Sau ɗaya a kowane zangon karatu Iya mai shara takan suma a makarantar, kuma da izinin Shugaba take yi.

Aikinta na ainihi tsintsiya ne da bokiti. Ta kama shi ne bayan rasuwar mijinta, lokacin autanta yana goye. Yanzu autan ya yi iyali a wani gari, yakan kira idan ya tuna, ita kuma tana zaune a ɗakin baya a gidan ƙanenta. Takan iso makaranta kafin maigadi ya gama wanke ido, ta share azuzuwa, ta wanke banɗaki, ta tsince fensiran da yara suka yar ta jera a teburin malami. Da an fara karatu sai ta koma gindin bango, ba mai nemanta sai in wani abu ya zube.

Sumar ta samo asali ne shekarar da aka fara atisayen gobara. Malamin wasanni, wanda yara ke kira Malam Usur saboda abin ba ya barin bakinsa, shi ya ce a riƙa ajiye mutum ɗaya kamar hayaƙi ya kayar da shi, a ga ko masu bincike za su gano shi. Da farko buhun yashi aka sa wa riga. Yara suka ja shi ta wuya har ya fashe, Iya ce ta kwashe yashin. Zango na gaba Malam Usur ya dube ta ya ce ai ga wadda ba za ta fashe ba.

Tun daga nan wurinta bakin ƙofar aji uku. Takan kwanta a siminti ta rufe ido, ƙararrawa ta kaɗa, yara su fito suna tsallake ta suna dariya, wani ya ce Allah ya jiƙan Iya, malamarsu ta make shi. Sai manyan 'yan mata su zo da bargo. Ɗaya ta taɓa wuyanta, ɗaya ta kara kunne a hancinta, ana tambayarta ko tana ji. A ɗauke ta cak zuwa fili, ana gunagunin wai Iya ba jiki sai nauyi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma tun da mijinta ya rasu, ranar nan ce kaɗai hannun mutum ke taɓa ta.

A wannan zangon aka ce jami'in kashe gobara zai zo da kansa ya gani. Da safe Malam Usur ya same ta tana matse tsumma, ya ce bakin aji uku ya zama wasan yara, kowa ya san wurin. Yau a sito za ta kwanta, can ƙarshen baranda inda ake tara karyayyun kujeru. Shi kaɗai ya sani, ko Shugaba bai gaya wa ba.

"Iya, ko tari kada ki yi. Wanda ya suma ba ya magana. Ki bari sai an zo an ɗauke ki."

Ta ce to.

Ta shimfiɗa tsohon kwali tsakanin wani allo da ya tsage da tarin benci, ta kwanta. Ɗakin na warin alli da ɓera. Ƙararrawa ta kaɗa. Ta ji jan kujeru, ta ji ƙafafu kamar an saki ruwa, ta ji malamar aji ɗaya tana ta cewa kowa ya riƙe rigar na gabansa. Daga nan baranda ta yi tsit.

Can sai takun mutum biyu, malaman da aka sa su bi ɗaki ɗaki. Suna buɗe ƙofa suna rufewa, suna matsowa. Iya ta gyara kwanciya, ta ja zane ta rufe ƙafa saboda maza ne. Ƙofar sito ta buɗe kaɗan, haske ya shigo ya tsaya a kan benci.

"Sito ne, ba kowa," in ji ɗayan.

Ƙofa ta rufe. Takun ya yi nisa.

Daga fili muryoyi na shigowa ta ƙaramar taga. Kowace malama ta kira sunayen 'yan ajinta, suna amsawa. Shugaba ta kira malamai. Har mai sayar da ruwa a bakin ƙofa an tsokane shi aka ce shi ma ya tsira. Jami'in ya yi jawabi, ya ce bai taɓa ganin makarantar da ta fita da sauri haka ba. Aka tafa. Aka busa usur, aka koma aji.

Iya ta ce a ranta yanzu Malam Usur zai tuna. Yana raka baƙo ne, in ya dawo zai tuna. Motar baƙon ta tashi, ta ji. Aji huɗu da ke jikin sito suka fara haddar lissafi, ta bi su a zuci har suka gama.

Ba abin da ya hana ta tashi. Ƙofa ba a kulle take ba, kwankwasonta ma ya fara tsami. Amma an ce ta bari sai an zo, ita kuma ta ga tana son ta san ko za a zo. Ba fushi take yi ba. Ta laluba cikinta ko akwai kuka, ba ta samu ba. Ta dai kwanta tana kallon gizo-gizo a jikin silin, aka fita hutun tara, aka dawo, hasken taga ya sauko daga bango zuwa ƙasa.

Sai ta ji ana kiran ta. Muryar maigadi ce, yana tafe yana leƙa banɗaki da bayan aji, yana Iya, Iya Mai Suma. Ta rufe ido, ta saki hannu yadda ta saba.

Ya turo ƙofa da ƙafa, ya tsaya.

"To fa. Tsohuwa, nan kika samu otal? Ana can wani yaro ya yi amai a aji biyu, tun ɗazu ake nemanki, ke kina nan kina sharar barci."

Ta buɗe ido. Ta ce masa ya ba ta hannu, ƙafarta ta mutu. Ya ce hannunsa da makullai, ta dafa benci. Ta dafa, ta miƙe, ta naɗe kwalin ta jingina inda ta ɗauko.

A baranda ta ci karo da Malam Usur, tana riƙe da bokiti, bayanta duk ƙurar alli. Ya dube ta, ya dubi ƙofar sito, usur ɗin ya faɗo daga bakinsa ya tsaya a igiya. Ya fara magana da sauri, ƙasa-ƙasa. Wai baƙon ne ya riƙe shi da tambayoyi, wai ya so ya aiko, wai don Allah kada Shugaba ta ji, tunda jami'in ya riga ya yaba an wuce wurin. Ya ce shi ɗanta ne, ta yafe masa. Ta ce ba komai. Ya tambaya ko ta daɗe a ciki, ta ce ba ta duba ba.

Ya bi ta har ƙofar aji biyu. Yara sun matsa gefe guda suna toshe hanci. Ya ce zango mai zuwa za a gyara, zai sa a riƙa shiga sito har ciki, in dai za ta sake kwanciya.

Iya ta durƙusa ta tsoma tsumma a ruwa.

"Zan kwanta, Malam. Amma ka mayar da ni bakin aji uku. Can ko ba komai ana tuntuɓe da ni."