Saitin Malam Lawan

Jama'a, ni mai gyaran kwamfuta ne, ba gwanin ba da labari ba, don haka ku yi haƙuri da yadda zan jero shi. Abin da kawai zan iya rantse muku a kai shi ne ya faru, kuma da ni ya faru, da rana tsaka, shekarun baya lokacin ina da ɗan shagona a Ƙaraye kusa da tasha. Har yau in na tuna sai na ji tsigar jikina ta tashi, ga shi kuma ni mutum ne da ba na yarda da zancen an ce an ce, in na'ura ta yi wani abu to sai na gano dalili kafin hankalina ya kwanta.

Wata ranar kasuwa da damina wani dattijo, Malam Sabi'u, ya zo daga Rogo da laftof naɗe a cikin leda saboda yayyafi. Bayan mun gaisa ya ce ta mijin ƙanwarsa ce, Malam Lawan, wanda Allah ya yi wa rasuwa kwanan nan, kuma tun bayan rasuwar ta ƙi tashi. Na buɗe na duba, faifan ajiyarta ne ya mutu murus, wato ma'ajiyar da duk abin da ke cikin kwamfuta yake zaune a kai. Na yi iya dabarata ban samo ko harafi ɗaya ba. Na cire shi na jefa a durowa, na sa sabo dal daga kwali, sannan na tambaye shi wane tsari zan ɗora mata, tsoho ko sabo. Ya ce, “Haba Injiniya, sa mata na yayi mana.” Na ɗora mata na yayi, ya ɗauka ya tafi yana sa albarka. Ku riƙe wannan da kyau: babu abin da ya rage na marigayin a cikinta sai kwanon jikinta.

Ba a rufa mako ba sai ga shi ya dawo, fuskarsa ba yadda na san ta ba. Ya ja benci kusa da ni, ya rage murya, ya ce zai gaya min wata magana amma ta tsaya tsakaninmu. Ashe ƙanwar tasa, Malama Rabi, koyarwa take yi a wata makarantar kuɗi a Rogo Sabon Gari, kuma idonta ya daɗe yana ja baya, a makarantar ba wanda ya sani. Mijin ne ya zauna ya daidaita mata kwamfutar, kala da girman rubutu da komai, ta yadda take iya karantawa ba tare da idon ya yi mata ruwa ba. To yanzu tana takaba, makaranta ta yarda ta zauna a gida bisa sharaɗin ita za ta buga duk tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango ta aika ranar Litinin. In ba ta aika ba, akwai wadda ke jiran gurbin. Ga marayu a gabanta, aikin nan shi ne cinsu shi ne shansu. Ita kuwa tun da aka mayar da laftof ɗin, in ta kalli allon fari kawai take gani yana dukan idonta.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, wace kala marigayin ya sa mata? Ya ce ita ma ba ta san sunanta ba, ta dai ce in ta gani za ta gane.

Bari in ɗan yi muku bayani, don kada ku ɓata a hanya. A tsohon tsari akwai wani wurin saiti da mutum zai shiga ya zaɓi kalar kowane sashe da girmansa, bango daban, rubutu daban, kan shafi daban, har kibiyar maus, wato ɗan linzamin da ake ja ana dannawa. Da aka fito da sabon tsari sai masu shi suka cire wannan wurin, suka bar wa mutane 'yan zaɓi kaɗan, ko fari ko baƙi, sai ɗan abin ja na ƙara girma. Su a ganinsu sun sauƙaƙa, mai lafiyar ido ba zai taɓa sanin an yi masa asara ba. Amma mu masu gyara muna da dabarar dawo da shi, a kwaso fayilolinsa daga tsohon tsari a dasa a sabon, a lallaɓa shi har ya yarda ya buɗe. Ina da su a filashina, 'yar ma'ajiyar da nake yawo da ita a aljihu, waɗanda na kwafa daga wata kwamfutar shagona da ba ta taɓa zuwa Rogo ba.

Ranar Asabar na hau babur na bi shi. Hadari na haɗuwa ta gabas, gero da dawa sun rufe gefen hanya, ni kuma zuciyata sai gaggawa take, don na bar shago a rufe. Da muka isa gidan aka shimfiɗa min tabarma a soro. Nan na gane wahalar aikin. Mai takaba ba za ta fito ta zauna gaban baƙon namiji ba, ni ma ba zan shiga ba, don haka idon da nake yi wa aiki ba zan gan shi ba. Daga bayan ƙofa na yi mata gaisuwa, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, “Haƙuri da godiya, Malam. Allah ya saka da alheri.” Kuma an ɗauke wuta tun safe, batirin laftof ɗin kuwa tsoho ne.

Dasa tsohon wurin saitin bai ba ni wuya ba, ya buɗe fes, komai a yadda aka ƙera shi, fari da baƙi, ba wanda ya taɓa. Sai aka shiga zarya. In zaɓi kala, Malam Sabi'u ya ɗauka ya shiga ciki, in zauna ina kallon ƙofa, ya fito yana girgiza kai. Na sa baƙin bango da farin rubutu, ta ce haruffan suna rawa. Na sa shuɗi, ta ce sun narke cikin juna. Na ƙara girma, ta ce yanzu kalma ɗaya ta cika mata ido ba ta ganin ta gaba. Dattijon nan yana shiga yana fita har gumi ya jiƙa masa riga, ni kuma kowane dawowa sai na saci kallon alamar batiri, tana raguwa kamar ana tsotse ta. Can na ji Malama Rabi daga ciki tana cewa, “Yaya, ka ce masa ya bari haka, idon ya fara zafi. Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Wallahi maganar nan ta soke ni, don na ji muryar wadda ta riga ta sallama.

Ana haka aka kira la'asar. Na kashe laftof ɗin, kashewa ta gaske ba rufe murfi ba, don in tsira da ɗan sauran batirin. Na naɗe maus ɗin, na zuba su a jakata, na rataya, saboda ɗabi'ata ce ba na barin kayan mutane a soro. Muka tafi masallacin unguwa. Jakar nan a gabana na ajiye ta, jikin bango, ina sujada ina ganin igiyarta. Ba wanda ya taɓa ta, ni shaida ne. Sallar ma rabin hankalina yana kan kaloli, Allah ya yafe min.

Muka dawo na zauna, na zuge jakar, sai na ji laftof ɗin da ɗumi. Na ɗaga murfin, a kunne take. Tsohon wurin saitin a buɗe, kuma allon gaba ɗaya ya canja. Bangon ya koma wani kore mai duhu kamar miyar kuka, rubutun ruwan ɗorawa mai laushi, ba ƙato ba ba ƙarami ba, an ɗan ƙara masa kauri. Ni dai a rayuwata ban taɓa haɗa wa kowa wannan kalar ba, ba ta ma da kyan gani. Na ce a raina wataƙila wani abu ne ya danne maɓallai a jaka. Na jona maus don in mayar, na danna, ya ƙi. Na sake dannawa, sai wani jerin zaɓi ya fito, irin wanda ke fitowa in ka danna ɓangaren dama. Na gwada ɗaya ɓangaren, ya yi aiki. An juya maɓallan maus ɗin, na hagu ya koma dama.

Na ce, “Malam, wani abin mamaki, maus ɗin nan ya koma na bahago.”

Malam Sabi'u ya matso kusa. Ya leƙo allon, ya daɗe yana kallo, na ga leɓensa yana motsi. Sannan ya ce, “Injiniya, Lawan bahago ne. Da dama yake cin abinci, amma rubutu da aiki duk da hagu.”

Na janye hannuna daga maus ɗin. Ya ce in ba shi, na ce ya ɗauka da kansa. Ya shiga da ita, ni kuma na kasa zama, na miƙe na leƙa waje, na dawo, na sake miƙewa. Sai na ji Malama ta fara karanta wani abu daga allon a hankali, kalma bayan kalma ba tuntuɓe, sannan muryar ta karye ta fashe da kuka. Da ta ɗan lafa ta matso bayan ƙofa ta ce, “Malam, wa ya gaya maka? Kalar ke nan. Har maus ɗin, haka na saba da shi, don a hannunsa na koya. Don Allah kada ka taɓa komai.”

Malam Sabi'u ya fito ya kalle ni, ya ɗan girgiza min kai, na gane nufinsa, kada in gaya mata ba ni na saita ba. Na ce mata, “Allah ne ya dafa, Malama.” Ban yi ƙarya ba, iyakar abin da na sani ke nan. Kafin magariba aka kawo wuta, na bar ta tana bugu, ina jin ƙarar maɓallai daga soro. Tambayoyin sun isa makaranta ranar Litinin, aikinta ya tsira.

A hanyar komawa ruwa ya tare ni wajen garin Fulatan, na fake a wata rumfa ina juya abin a kaina. Na san akwai tsarin da ke dawo wa mutum da saitinsa ta intanet, amma laftof ɗin nan ba a taɓa jona ta da intanet ba tun da na ɗora sabon tsarin, ban kuma shigar da asusun kowa ba. Ina isa shago na jawo durowa, ga tsohon faifan marigayin nan kwance inda na jefa shi. Na san mamaci ba ya dawowa, da wannan aka raine ni kuma a kai nake. Wani malami da na ba wa labarin ya ce in yi wa mamacin addu'a in daina tono. Na dasa wannan wurin saitin a kwamfutoci da yawa bayan nan, ko sau ɗaya abin bai maimaita ba.

Da a nan ya tsaya da tuni na lallashi kaina na manta. Amma bayan wasu shekaru na haɗu da Malam Sabi'u a kasuwar Ƙaraye, ya tsufa, ya riƙe hannuna muka daɗe muna gaisawa. Na tambayi Malama, ya ce tana nan tana koyarwa, babbar 'yarta ma ta shiga kwaleji. Sai ya ce, “Kullum tana cewa a yi maka godiya. Idon ai ya ƙara ja baya, amma ta ce duk lokacin da rubutun ya fara yi mata wuya, in ta kunna da safe sai ta tarar ka ƙara masa girma daidai idonta. Ta ce daga shagonka kake yi mata ta iska.” Yana faɗa yana kallon cikin idona. Ni da shi duk mun san ban sake taka gidan ba, mun kuma san har yau ba intanet a laftof ɗin. Na ce, “Ka ce mata ba komai.” Ya ce, “Haka zan ce.”

Shawarata gare ku, musamman 'yan uwana masu gyara, in aka kawo muku na'urar wanda ya rasu, ku yi bismilla kafin ku buɗe, ku tambayi iyalinsa yadda ya bar ta kafin ku goge komai. In kuma kuka tarar da wani saiti da ya yi muku muni ko ya yi muku bambaraƙwai, kada ku yi saurin gyara shi. Wani ne ya zauna ya daidaita shi saboda wani, kuma ni dai ba zan rantse muku cewa ya gama ba.