Kazar da Ungozoma Ta Yanka Saboda Ni

Shekarun baya can da nisa, lokacin da Potiskum ba ta san Keke Napep ba, sai manyan motocin shanu da kekunan hawa, na shekara uku a ɗakin miji ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a lokacin ko goyo na hango a bayan wata sai na kau da kai.

Maigidana fataucin shanu yake yi. Ya saya a kasuwarmu, ya bi mota da su Kudu, ya zauna har ya sayar, ya sayo goro ya dawo. Tafiya ɗaya takan ci sati uku. A gida mu biyu ne, ni da mahaifiyarsa da nake kira Iya. Asalinsu mutanen Borno ne, mu kuma iyayena daga Kano fatauci ya kawo su. Iya mace ce mai tsari, ko turaren wuta ba ta sawa sai lokacinsa ya yi. Ba ta taɓa yi min gori ba, ina faɗa ne tun yanzu don kada ku zaci labarin muguwar suruka zan ba ku.

Da aka yi 'yan watanni da aurenmu shiru, sai Iya ta ɗauki abin a hannunta. A wajen matan zamaninsu, kowa ya san cewa mace tana ɗaukar ciki ne da zarar ta yi wankan tsarki, wai lokacin ne mahaifa take buɗe. Ni kuwa al'adata da tsayuwar wata take zuwa, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Sai Iya ta tsara wa ɗanta tafiyarsa: ya dawo shida ga wata, ya kwana huɗu, ya koma goma ga wata. Bai tambayi dalili ba, don ba a tambayar Iya dalili. Haka muka yi ta yi, rani da damina.

Babu abin da ban sha ba. Rubutu, saiwoyi, wani jiƙo mai ɗaci da aka aiko daga Ngojin wanda har yau in na tuna shi sai yawu ya tsinke min. Da shekara ta uku ta cika, tsofaffin unguwa suka haɗu a kan magana ɗaya, wai gishiri gare ni, shi ya toshe hanya, maganinsa kuma wanzami ya sa aska ya yanka. Iya ta kira ni ɗakinta ta gaya min a hankali, idonta a ƙasa, ta ce ranar kasuwa mai zuwa wanzami zai zo. Na ce to. Amma na san wata a unguwarmu ta ƙuruciya da aka yi wa wannan yankan, ta ƙare da yoyon fitsari, ko biki ba ta iya shiga. Ina son haihuwa kamar raina, ina tsoron askar nan kamar mutuwa, ga shi ba ni da bakin musu.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata ungozomar asibiti, mutuniyar Gadaka, wadda duk unguwa ke kira Sista. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, Hausarta da ɗan karin Bolanci. Ni a lokacin ganin mai girman kai nake mata, don kawai tana sa farin takalmi tana hawa keke. Washegari na je ɗiban ruwa rijiyar gidanta, ta dube ni ta ce, "Amarya, wa ya mutu?" Ban yi niyyar faɗa ba, amma kafin guga ya taɓa ruwa na amayar mata da komai. Ta tambaye ni ranar da jini yake zuwa min, da kwanakin da maigida yake gida. Ta lanƙwasa yatsu tana lissafi, sannan ta ce in tafi, kada in ce wa Iya komai.

Na zaci za ta shigo gidanmu da faɗa, ta ce tsofaffi jahilai ne. Da ta yi haka, na rantse, da Iya ta matso da ranar wanzami kusa. Kwana biyu bayan nan da hantsi sai ga sallamarta, riƙe da kaza yankakkiya.

"Iya, ga wannan malam ya yanka min. Ni ban iya miyarku ta Barebari ba, na ce bari in kawo wa masu ita."

Iya ta karɓa ta juya ta, ta taɓa cikinta. "Ke 'yar nan, wannan ai mai ƙwai ce. Wa yake yanka kaza tana cikin saka?"

"Ɓarna ta ishe ni da ita, Iya."

Ƙarya take yi. Duk unguwa an san kazar nan, ita ce mafi saka a cikin kajinta, kullum da safe kyarkyararta ke tashinmu.

Na dafa ruwa, Iya ta fige ta tas, ta tsaga cikin. Za ta zura hannu ta kwashe kayan ciki sai Sista ta riƙe mata wuyan hannu, ta ce, "Tsaya Iya. Amarya, matso ki gani." Can jikin ƙashin baya ga tarin ƙwai a cure wuri ɗaya, gwaiduwa zalla babu ɓawo. Wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar gyaɗa, biyu sun fi su, ɗaya kuma ya cika ya yi jawur. Sau nawa na ci irinsu a miya, har dambe mun yi a kansu da ƙannena, amma ban taɓa tsayawa na dube su ba.

"Iya, da an bar ta, wanne za ta fara sakawa?"

"Wannan babban mana."

"Ƙananan fa?"

"Sai sun ƙosa, kowanne da ranarsa."

"To in aka sa mata wuƙa, za su ƙosa da wuri?"

Iya ta ɗago ta dube ta, ta dube ni, ta ajiye wuƙar a gefen kwano. Ta gane inda aka dosa, amma ba ta ce a daina ba.

Sista ta gyara zama a tabarma. Ta ce mu ma mata muna da irin wannan ma'ajiya, guda biyu, dama da hagun mahaifa, kowace ba ta wuce girman dabino ba. A ciki ƙwai suke kwance, ƙanana ƙwarai, ko wanda ya ƙosa bai kai ƙwayar rairayi ba. Duk wata sai wasu 'yan kaɗan su farka su fara girma, kowanne a cikin 'yar jakarsa ta ruwa. Ana cikin haka ɗaya ya tsere wa sauran, su su yanƙwane, shi ya ci gaba. In ya ƙosa jakar ta fashe, ya fito ya kama hanyar mahaifa. Ta ce kaza kusan kullum tana fitar da ɗaya, mace kuwa ɗaya ne a wata, kuma in ya fito bai fi yini da kwana yana jira ba. Abin namiji yakan iya jiran 'yan kwanaki, amma ba ya jiran sati. Ni dai kaina na ƙasa, kunya kamar in nutse, kunnuwana kuwa a buɗe.

"Yaushe yake fitowa?" in ji Iya.

Sista ta ce ta ara mata carbinta. Ta ware 'ya'ya talatin ta ce ga watan amarya. Ta kama na ƙarshe ta ce nan jini na gaba zai zo, sai ta ƙirgo baya sha huɗu, ta danne da babban yatsa. Ta ce ba kowace mace ke tafiya da wata ba, kowa da nata lissafin, amma nawa ga inda ya faɗa, sha biyar zuwa sha shida.

"Iya, sha biyar ga wata ɗanki yana ina?"

Iya ta daɗe tana kallon carbin. Can ta ce, "Yana Kudu." Ta yi tagumi. "Ashe da hannuna na raba su shekara uku."

"Ba ki raba su ba, Iya. Abin da aka gaya miki kika yi, ni ma haka kakata ta gaya min, sai da na je makaranta aka nuna min. Kuma ni ba na ba da haihuwa, Allah ke bayarwa. In an gwada bai yi ba, akwai likita a Maiduguri, su je su biyu a duba su. Amma aska kam, ina roƙonki. Ni nake wanke waɗanda aka yi wa in an kawo su."

Iya ta karɓi carbinta ta ce, "Na ba kazarki wata huɗu." Daga nan ta tashi ta ɗora miya, kuma ranar ta zuba wa Sista duka ƙwan a kwanonta.

Sauran aiki shi ne yadda za a gaya wa maigida, don uwa ba ta yin irin wannan magana da ɗanta, ni kuma ko za a yanka ni ba zan iya ba. Da ya dawo sai Iya ta fara ɗingishi. Ta ce masa gwiwarta ke tashi duk tsakiyar wata, ba ta son ciwon ya same ta ba namiji a gida, saboda haka daga yanzu ya riƙa dawowa sha biyu ga wata ya kai ashirin. Ya ce kasuwa za ta ɓaci. Ta ce ta ɓaci. Matar da ba ta taɓa ko ciwon kai ba, sai ga ta tana dafa bango duk sanda ya shigo, in ya fita ta ɗauki taɓarya.

Wata ɗaya ya wuce, jini ya zo. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗu da na gan shi, bayan ɗaki na zauna na yi kuka mai isata, na ce shi ke nan, kazar mutane ta mutu a banza. Ranar kasuwa ina shara na ji sallamar namiji, na leƙa, sai ga wanzami da zabirarsa. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna, na shige ɗaki na jingina da ƙofa.

Ashe maigidana ne ya kirawo shi, tausayin gwiwar mahaifiyarsa ya ishe shi, ya ce a yi mata ƙaho. Ta ramin ƙofa na ga Iya ta dubi wanzamin, ta dubi ƙofar ɗakina. Wa'adin da ta ɗiba ya cika, mutumin yana tsakar gidanta da askarsa, kalma ɗaya za ta faɗa. Sai ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta miƙa lafiyayyar gwiwarta, aka tsattsaga aka kafa ƙaho. Da zai tafi ya ce, "Maganar yarinyar nan fa, Iya?" Ta ce, "Yarinya lafiyarta ƙalau, ni ce mara lafiya."

A wata na shida wata ya tsaya, ni ban ga komai ba.

Sista ce ta karɓi haihuwar, da rana tsaka, mace. Ta goge ta, ta naɗe ta a zane, ta ɗora min ita a ƙirji, Iya na tsaye a gefe tana share ido da bakin mayafi. Sai ta ce, "Akwai abin da ban gaya muku ba ranar kaza, don kada ku ce na haukace. Ƙwan mace ba bayan ta girma ake yin su ba. Tun tana cikin uwarta ake zuba mata su gaba ɗaya, su kwanta su jira ta balaga. Wannan da kike riƙe da ita, da nata ta zo. Amarya, wata tara ba 'yarki kaɗai kika ɗauka ba, har da ƙwan da za su zama jikokinki."

Na daɗe a duniya, na ga masu ilimi iri-iri, amma ban ga wanda ya iya riƙe ilimi kamar matar nan ba. Ta fi Iya sani, amma ba ta bari Iya ta ji kunya ba, ta bar ta ta gano da idonta a cikin abin da hannunta ya saba. Iya kuma, tsohuwar da ba a tambayarta dalili, ta karɓi gyara daga sa'ar 'yar cikinta, ta biya da jinin gwiwarta. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Abin da ke damuna har yau, kunya ta hana ni yi wa ko ɗayarsu godiya yadda ta kamata, iyakata in ce sannu da aiki.

Jaririyar nan yanzu ta yi furfura, 'ya'yanta biyar. Ranar da aka miƙo min 'yarta ta fari, mata suka ce in karɓi baƙuwa. Na karɓe ta, na ce musu wannan ba baƙuwa ba ce a wurina, na riga uwarta ɗaukar ta.